Yaushe ake sake wa tururuwa gida?

Yara, in kun shigo filin makaranta da sassafe bayan damina, ku dubi ƙasa. Za ku ga layin tururuwa ya miƙe kamar hanyar kasuwa. Waɗansu suna tafiya, waɗansu suna komowa. Kowace mai komowa tana riƙe da ƙwayar hatsi ko irin ciyawa a bakinta. In kun bi layin, zai kai ku bakin wani rami. Nan ganinku zai tsaya, gama abin da ke ƙarƙashin ƙasa a ɓoye yake.

Don haka ne masu son sani sukan ajiye tururuwa cikin gilashi, su ga yadda suke zaman gidansu. Ku ma kuna iya yin haka a ajinku, ba ya cin kuɗi mai yawa. Amma kiwo ne, kowane kiwo kuwa da nauyinsa. Wata rana gidan da kuka ba su zai daina yi musu. In kun yi jinkirin sake musu wani, sai su mutu. In kun yi gaggawa, nan ma kuna iya kashe su. Wannan darasi zai koya muku yadda ake gane lokacin da ya dace.

1. Mu san abin da muke kiwo

Da Faransanci kalma ɗaya ce, fourmi. Da Hausa kuwa muna rarrabe su. Akwai kiyashi mai bin sukari. Akwai cinnaka mai zafin cizo, wanda aka ce bai san na gida ba. Akwai kwarkwasa masu yawo rundunarsu guda, ba su daɗewa wuri ɗaya. Akwai kuma tururuwa mai tara hatsi, wadda masana suke kira Messor. Ita ce ta fi daɗin kiwo, don abincinta yana cikin kowane gida. Gara ba ta cikin wannan dangi, ko da yake ita ma zaman taro take yi. Gara ta fi kusa da kyankyaso.

Masana sun riga sun raɗa wa iri fiye da dubu 14 na wannan dangi suna. A shekarar 2022 waɗansu masu bincike suka ƙiyasta yawansu a duniya, suka ce kowane mutum ɗaya yana daidai da tururuwa wajen miliyan 2 da rabi.

A cikin gidan tururuwa akwai iri uku. Na farko sarauniya. Ta fi kowa girma. Sunan sarauta kawai gare ta, ba ta ba kowa umurni. Aikinta ƙwai. Na biyu ma'aikata. Dukansu mata ne, ƴaƴan sarauniya. Su ne masu neman abinci, da shara, da reno, da tsaro. Cikinsu akwai ƙanana, akwai masu manyan kawuna waɗanda suke fasa ƙwaya mai tauri. Na uku maza. Suna da fiffike, kuma ba su daɗewa a duniya.

Da damina, bayan an sha ruwa, sababbin sarauniyoyi da maza sukan fito su tashi sama, su yi barbara. Mazan su mutu. Yawancin sarauniyoyin tsuntsaye da ƙadangaru su cinye su. Shi ya sa Hausawa suka ce in tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi. Wadda ta tsira sai ta sauka, ta karya fiffikenta da kanta, ta nemi wurin gina rami. Irin wannan ce ake ɗauka don kiwo.

Ku riƙe wannan da kyau: ma'aikaciya in ta mutu, za a haifi wata. Sarauniya in ta mutu, gidan ya ƙare. Tana kuwa iya daɗewa ƙwarai. Wani Bature na Ingila, John Lubbock, ya riƙe wata daga 1874 har 1888. An kuma taɓa samun wata a Turai wadda ta yi kusan shekara 29 a hannun mai kiwonta.

2. Gidan farko

Gidan farko ƙarami ne. Ana samun siririn butali na gilashi, mai tsawon kamar santimita 15, sabo ko wankakke sarai. Kada ku tsinci na asibiti, yana iya ɗauke da cuta. A zuba ruwa mai tsabta har sulusinsa. A tura auduga ciki har ta taɓa ruwan, ta tare shi. A sa sarauniya a gaban audugar. A toshe baki da wata busasshiyar auduga don iska ta riƙa shiga. Sai a kwantar da butalin, a naɗe shi da baƙin ƙyalle, a ajiye wuri mai sanyi.

Sarauniya za ta yi ƙwai, farare, ƙanana kamar garin gishiri. Ƙwan ya zama tsutsa. Tsutsar ta ci, ta girma, ta kwanta shiru, ta ɗauki siffar tururuwa amma fara fat. Daga baya ta yi duhu, ta miƙe. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ɗumin wuri. Duk wannan lokaci sarauniya ba ta fita neman abinci. Naman da ke motsa fiffikenta a da shi ne yake narkewa cikin jikinta, da shi take ciyar da ƴaƴan fari.

In ma'aikata sun fito, sai a buɗe bakin butalin cikin wani akwatin roba, ya zama musu tsakar gida. Nan za a riƙa zuba musu hatsi, da riɗi, da irin ciyawa, wani lokaci da mataccen ƙwaro wanda ba maganin ƙwari ya kashe ba. A shafa ɗan mai a bakin akwatin daga ciki don kada su haura.

3. Me ya sa ba a gaggawa?

Yaro in ya ga tururuwarsa sun kai goma, sai tausayi ya kama shi. Ya ce: «Wannan ɗaki ya yi musu kaɗan, bari in gina musu babba.» Kuskure ne. Tururuwa ba su ƙin matsi. A cikin ƙasa, ɗakunansu ƙanana ne, rufinsu yana kusan taɓa bayansu. Nan suke samun laima da ɗumi, nan kuma suke jin ƙamshin juna.

Ku ɗauka mutum uku ne cikin gida mai ɗaki ashirin. Ba su iya share shi duka. Ba su iya tsaron ƙofofinsa. Ɗakunan da ba kowa sai su zama juji. Haka yake ga tururuwa. In gida ya fi ƙarfinsu, sai su riƙa zuba ƙaiƙayi da gawawwaki a ɗakin kusa. Shara ta haɗu da laima, funfuna ta tsiro, cuta ta shiga.

Ita ma ƙaurar kanta wahala ce. Haske da girgiza suna firgita sarauniya. In ta firgita, tana iya daina ƙwai kwanaki da yawa. Wani lokaci har ta cinye ƙwan da ta riga ta yi. Saboda haka ba a tashin tururuwa don sha'awa. Sai da dalili.

4. Alamomi biyar

Alama ta farko: ruwa ya kusa ƙarewa. Wannan ita ta fi kowace haɗari a ƙasarmu. Ƙwai da tsutsa fatarsu ba ta da kauri, in laima ta ɗauke sai su bushe. Ku manna ƴar takarda a jikin butalin, ku riƙa sa alama da fensir inda ruwa ya tsaya kowace Litinin. In saura santimita 1, lokaci ya yi. Kada ku jira sai auduga ta bushe.

Alama ta biyu: funfuna. In audugar ciki ta yi baƙi ƙirin, ko ta yi gashi kore ko fari, ko ruwan ya gurɓace, gidan ya lalace. Tururuwan da kansu za su nuna muku. Za ku ga sun kwashe ƴaƴansu daga gindin audugar sun kai su bakin ƙofa.

Alama ta uku: cunkoso na gaske. Ba yawan kai da kawo ake dubawa ba. A duba ƙasan ɗakin. In ƙwai da tsutsa da hatsi sun rufe kashi uku cikin huɗu, ma'aikata suna kwana a tsakar gida don ba wuri, suna kuma yagar auduga suna neman hanya, to gida ya cika. Masu kiwo da dama ba su tashin tururuwa daga butalin farko sai ma'aikata sun kai 30 ko 50.

Alama ta huɗu: hatsi yana tsirowa. Tururuwa mai tara hatsi tana bukatar wuri biyu, ɗaki mai laima don ƴaƴa, da busasshen rumbu don ƙwaya. A daji, in ruwa ya jiƙa rumbunsu, sukan fito da ƙwayar su shanya ta a bakin rami. In kun ga hatsinsu yana ta tsiro ko yana ruɓewa, to ba su da busasshen wuri. Gida mai ɗaki biyu suke bukata.

Alama ta biyar: haɗari. Gilashi ya tsage, ko ruwa ya ɓalle ta gefen auduga ya malale ɗakin, ko kiyashi sun sami hanyar shiga. Nan ba a jiran gobe. Mutanen Lamorde da Kirkisoy da Saga ba su zaɓi ranar tashi ba a 2020, sa'ad da kogin Isa ya shiga gidajensu. Haka tururuwa in ruwa ya ci ɗakinsu.

Akwai kuma abubuwan da suke ruɗin mai kiwo, alhali ba alamar tashi ba ne. Sarauniya ta kwanta ba ta motsi: halinta ke nan. Ƙwai ya ragu da hunturu: sanyi ne. Auduga ta ɗan yi rawaya: ba kome. An fitar da gawa ɗaya ko biyu an kai juji: tsabta ce, alamar gida mai lafiya. Amma in gawa ta yi yawa kullum, ku nemi dalili.

5. Shekarar Yamai da gidan tururuwa

Ba kowane wata yake daidai da wani ba. Mai kiwo a Yamai tilas ya bi yanayin shekara.

Da kaka, cikin Oktoba da Nuwamba, makaranta ta buɗe, irin ciyawa ya nuna, abinci ya wadata. Ajin yana nan kullum don lura. Wannan lokaci ne mai kyau na ƙaura, in akwai dalili.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska busasshiya ce, dare da sanyi. Tururuwa sukan rage aiki. In ba dole, a bar su. Amma a riƙa duba ruwa, don iskar hunturu ɓarauniyar laima ce.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa. Aji mai rufin kwano ya fi haka. Ruwa yana saurin ƙarewa. Gilashin da rana ta taɓa yana iya kashe gida duka kafin a tashi shan iska. A ajiye gidan a ƙasa, nesa da taga, kusa da randar ruwa inda yashi yake da sanyi. In ƙaura ta kama, a fara ta da sassafe.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, zafi yakan sauka, amma laima ta yi yawa. Lokacin funfuna ke nan. Lokacin babban hutu kuma ke nan. To, wa zai duba su?

Mu yi lissafi. Mu ɗauka ruwan butali santimita 6 ne, wato milimita 60. Mu ɗauka kuma alamominku sun nuna yana raguwa milimita 1 kowace rana. Zai yi kwana 60. Hutu kuwa wajen kwana 90 ne. Ke nan ruwan zai ƙare wata guda kafin ku komo. Ban da haka, hutu yana iya tsawaita. A 2024, saboda ambaliyar ruwa, an ɗaga komawa makaranta a Nijar daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga Oktoba. Saboda haka, tun farkon Yuni aji ya zauna ya yanke shawara. Ko a sake musu gida mai cikakken ruwa mako biyu kafin hutu, ko wani ɗan aji mai kula ya tafi da su gida da yardar iyayensa. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun.

6. Wane irin gida?

In ruwa ne ya ƙare ko funfuna ta kama, alhali ba su da yawa, sai a ba su wani butali irin na farko. Ba sai an ƙara girma ba. In cunkoso ne, a ba su butali biyu, ɗaya mai ruwa, ɗaya busasshe don rumbu.

In sun kai ɗaruruwa, sai a yi musu gidan ƙasa. A sami kwalba babba mai faɗin baki, a sa ƙarama rufaffiya a tsakiyarta, ya zama tsakaninsu santimita 1 ko 2 ne kawai. A cika tsakanin da yashi gauraye da ɗan yumɓu, don rami kada ya rufta. A shanya ƙasar a rana tukuna, sa'an nan a yayyafa mata ruwa kaɗan a gefe ɗaya. Da yake wurin siriri ne, duk ramin da suka gina za a gan shi ta gilashi. Irin wannan dabara Lubbock ya yi, shi da faifan gilashi biyu da ƙasa a tsakani. Wani Bafaranshe kuma, Charles Janet, ya yi nasa da farin garin nan da likita ke ɗaure karaya da shi, ya nuna shi a babban bajekolin Paris na 1900.

Ma'auni ɗaya ne: sabon gida ya zama wanda za su cika rabinsa tun ranar shiga. In ya fi haka, a toshe sauran da auduga, a riƙa buɗewa kaɗan kaɗan.

7. Yadda ake ƙaura

Ba a kwasar tururuwa da hannu. Su ne za su tashi da kansu. Namu mu sa sabon gida ya fi tsohon daɗi.

A haɗa tsoho da sabo da guntun tiyo na roba, ko a ajiye su baki da baki cikin akwatin tsakar gida. A rufe sabon da baƙin ƙyalle. A cire ƙyallen tsohon, hasken ɗaki ya same shi. Hasken ɗaki muka ce, ba rana ba. Daga nan sai haƙuri.

Da farko ƴan leƙen asiri za su shiga, su zagaya, su komo. In wurin ya yi musu, sai su shafa wani ƙamshi a hanya, wanda mu ba mu ji, sauran su bi. Sai a fara jigila. Wannan ta ɗauki ƙwai, waccan ta ɗauki tsutsa, wata ta ja hatsi. Can sai sarauniya ta fito, ma'aikata kewaye da ita. Wani gida yakan gama cikin sa'a biyu. Wani sai ya yi mako biyu yana shawara. Kada a buga gilashi, kada a girgiza, kada a hura musu iska. In kuna son kallo, ku rufe sabon gidan da jar leda mai nuna ciki, gama tururuwa ba su ganin jan haske sosai.

In haɗari ne kuwa, malam ya karkata tsohon gidan a hankali cikin akwati, kusa da ƙofar sabon. Abin da ya maƙale a ɗauke shi da gashin kaza. Ba a kama sarauniya da yatsa.

Bayan sun tare, a bar su kwana uku ba buɗewa. In kun ga an tara ƴaƴa wuri ɗaya, sarauniya tana tsakiyarsu, an buɗe sabon juji a waje, to ƙaura ta yi kyau. In sabon ƙwai ya bayyana, hankali ya kwanta. Ku rubuta ranar a littafin aji.

8. Haƙƙin tururuwa

Kada ku tone ramin daji don neman sarauniya. Tana can ƙasa da nisa, da wuya ku same ta, gidan kuwa kun rushe shi a banza. Tururuwa suna da amfani. Suna juya ƙasa, raminsu yana shigar da ruwa da iska, suna kuma yaɗa irin ciyawa. Ku tambayi kakanninku: a shekarun yunwa mutanen karkara sun tone rumbun tururuwa sun sami ƙwayar da suka dafa. Sura ta 27 ta Alƙur'ani mai girma ma sunan tururuwa take ɗauke da shi.

A waɗansu ƙasashe kiwon nan ya zama ciniki, har da sata. A watan Afrilu na 2025, a Kenya, aka kama samari biyu ƴan Beljiyam da sarauniyoyi wajen dubu 5 cikin ƙananan butulla, za su fita da su. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan 1 na Kenya, ko ɗaurin shekara guda. Sarauniya dubu 5, gida dubu 5 ke nan da aka hana ginuwa.

Mu sarauniya ɗaya ta ishe mu. In kuma aji ya ga ba zai iya riƙon amana ba, akwai ƙaura ta ƙarshe. A kai su inda aka ɗauko uwarsu, da maraice bayan ruwa, a buɗe ƙofa a gindin itace, a bar su su gina nasu.

Abin riƙewa

Ba a sake wa tururuwa gida sai da dalili. Dalilan biyar ne: ƙarewar ruwa, funfuna, cunkoso, tsirowar hatsi, da haɗari. Sabon gida kada ya fi ƙarfinsu. Duhu da laima ke jawo su, haske ke tashinsu. Rana a kan gilashi mutuwa ce.

Tambayoyi

1. Waɗanne iri uku ne cikin gidan tururuwa? Mene ne aikin kowane?
2. Me ya sa babban gida yake cutar ƙaramin taron tururuwa?
3. Faɗi abu biyu da suke ruɗin mai kiwo, alhali ba alamar tashi ba ne.
4. Ruwan butali santimita 6 ne. Da bazara yana raguwa milimita 2 kowace rana. Kwana nawa zai yi? A rana ta nawa zai rage saura santimita 1?
5. Me ya sa ake yanke shawara tun farkon Yuni?

Aiki

Ku nemi ramin tururuwa kusa da makarantarku. Ku tsaya nesa kaɗan. Ku ƙidaya masu shiga da kaya cikin minti ɗaya, da safe, da tsakar rana, da maraice. Ku rubuta lambobin uku a allo, ku gwada su. Wane lokaci suka fi aiki? Me wannan ya koya muku game da lokacin ƙaura?